Histoloji: karatun saƙar jiki, daga kan fituwitari

Da ƙanwata ta dawo hutu gida Katsina, ta baje littattafanta a kan tabarma, Hajiyarmu ta leƙa wani shafi da ya cika da ɗige-ɗige ruwan hoda da shuɗi, ta ce, "Ke 'yar nan, likitanci aka tura ki koyo ko zaɓen atamfa?" Ta ce, "Hajiya, histoloji ne." Hajiya ta ce Allah shi ba da sa'a, ta koma kan tsintar shinkafarta. Ni da na riga ta bin wannan hanya dariya kawai na yi, don Hajiya ba ta kauce wa gaskiya sosai ba.

Kalmar daga Girkanci ta fito. "Histos" na nufin abin da aka saƙa, "logos" kuma ilimi. Histoloji ke nan ilimin saƙar jiki: yadda ƙwayoyin halitta suka jeru suka sarƙu har suka zama nama. Wani Bajamushe, Karl Mayer, shi ya ƙirƙiro sunan a 1819, amma wanda ya share fagen likitan Faransa ne, Bichat, wanda ya kasa naman jiki gida 21 ba tare da madubin likita ba, ya kuma rasu a 1802 yana ɗan shekara 30. Yau gida huɗu ake koyarwa: naman shimfiɗa da ke rufe fata da cikin hanji, naman haɗi, tsoka, da jijiyar saƙo.

Mahauci ya san anatomi, wato ilimin fasalin gaɓɓan jiki, irin nasa. Ko cikin duhu ba zai haɗa hanta da saifa ba. Abin da histoloji ya ƙara shi ne tambayar da ido ba ya amsawa: ita hantar da wane zare aka saƙa ta?

Kafin nama ya zo gaban ɗalibi a kan gilashin da ake kira silaid, an jiƙa shi a fomalin don kada ya ruɓe, an tsane ruwansa, an daskarar da shi cikin kaki, sannan an yanka shi da wata na'ura mai wuƙa. Kaurin yankan wajen maikuron 5, wato milimita ɗaya a raba ta 200. Yanka mai wannan sirantaka ba shi da launi, don haka sai an kai shi marina. Rini biyu aka fi amfani da su: hematoksilin, da ake samu daga zuciyar wani itace na Amurka ta Tsakiya, yana mai da cibiyar ƙwaya shuɗiya, sai iyosin, mai ba sauran jikin ƙwayar ruwan hoda. Wannan wurin nake so kowane sabon ɗalibi ya riƙe: launin ba na jiki ba ne, na marini ne. Amfaninsa kawai ya nuna wane sashe ya kama wane rini, kamar yadda farin yadi ke shan baba, wurin da aka ɗaure ya ƙi sha.

Ban san gaɓar da ta fi fituwitari nuna wannan ba, kuma ita ce shafin da Hajiya ta leƙa.

Sunanta kansa kuskure ne da ya zauna. "Pituita" a Latin majina ce. Likitocin dā, tun daga Galen, sun ɗauka nan ne majinar ƙwaƙwalwa ke taruwa kafin ta sauko ta hanci. An daɗe da gano ba haka ba ne, sunan bai canja ba. Ƙullin nama ne da bai wuce ƙwayar wake ba, nauyinsa wajen rabin giram, yana rataye a ƙasan ƙwaƙwalwa, zaune cikin wani rami a ƙashin kai da ake kira sirdin Turkawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro ranar hawan Sallah ya kalli sirdi mai tudu gaba da baya, ya riga ya san fasalin ramin.

Kuskuren da kusan kowa ke yi a ɗakin gwaji shi ne murɗa madubi zuwa ƙarfi mafi girma tun farko. Sai ka faɗa cikin taron ƙwayoyi ka rasa gabas. Fara da ƙaramin ƙarfi, ko ma ka ɗaga silaid ɗin sama ka kalle shi da idonka. Za ka ga abu ɗaya mai fuska biyu: gefe guda ya sha rini ya yi duhu, shi ne sashen gaba, ɗayan fari-fari kamar an wanke, shi ne sashen baya. Gani ɗaya ka gane silaid ɗin, saura bayani.

Dalilin fuska biyun yana can tun mutum na makonnin farko a ciki. Sashen gaba daga rufin baki ya taso, wata 'yar aljihu da ta miƙa sama, wadda Rathke ya bayyana a 1838, take kuma ɗauke da sunansa. Sashen baya kuwa ƙwaƙwalwa ce ta miƙo ƙafa ƙasa. Suka haɗu a sirdi, suka zauna tare, kowa da asalinsa. A tsakaninsu akwai siririn yanki mai 'yan buhuna cike da wani abu ruwan hoda mai kama da ƙaro, ragowar waccan aljihun. Malamai na son ɗora kibiya a kansa ranar jarrabawa.

Sashen gaba shi ne kasuwa. Ƙwayoyi ne cunkus, rukuni-rukuni, da faffaɗan hanyoyin jini suna ratsa su. Iri uku ido ke rabewa. Masu shan iyosin su yi ja-ja, asidofil ke nan: su ke yin homon biyu, wato sinadaran da ke bin jini su kai saƙo ga gaɓɓai, na girma da kuma furolaktin mai kawo ruwan nono. Masu karkata zuwa shuɗi ko shunayya, basofil: aikinsu aika umarni ga wasu gaɓɓai, da tayirod na wuya wanda kumburinsa ne maƙoƙo, da ƙullin da ke saman ƙoda, da 'ya'yan maraina da ma'ajiyar ƙwan mace. Na uku su ne kuromofob, ma'anar sunan masu tsoron launi. Tsofaffin littattafai sun ce kusan rabin ƙwayoyin su ne, kamar wasu 'yan zaman banza. Da aka samu rinin zamani mai bin kowane homon da sunansa, sai aka ga da yawansu 'yan kasuwa ne da suka sayar da kayansu rumfa ta zama wayam, shi ya sa rini bai sami abin kamawa ba.

A nan sai na faɗi gaskiya, abin da littafi ba ya so ya faɗa. A hoton littafi ja ja ne, shuɗi shuɗi ne. A tsohon silaid da ya shekara goma yana yawo a hannun ɗalibai, komai ya koma launi ɗaya, kamar zanen da ya sha wanki da rana. Na taɓa ɓata rabin awa ina neman basofil, da na kira malami ya leƙa sai ya ce, "Ai ga su nan birjik," ya wuce. Abin da ya taimake ni daga baya shi ne daina neman shuɗi tsantsa, na koma gwada ƙwaya da maƙwabciyarta.

Sashen baya ba ya yin homon ko ɗaya, kuma wannan tambaya ce da ke kayar da mutane duk shekara. Rumbu ne. Homon biyu da yake saki, oksitosin mai matsa mahaifa lokacin naƙuda da tunkuɗo nono, da bazofuresin mai hana ƙoda zubar da ruwa da yawa, a sama ake yin su, a wani yanki na ƙasan ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus, su gangaro ta cikin zaren jijiyoyi. Shi ya sa silaid ɗin nan zare-zare ne kawai, da cibiyoyin ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiyoyin jefi-jefi. In ka yi sa'a ka ga wani dunƙule ruwan hoda mara cibiya, wannan tarin homon ne a cikin jijiya, ana kiransa da sunan Herring, wanda ya bayyana shi a 1908. Mai azumi a zafin Afrilu na Katsina, da fitsarinsa ke raguwa ya yi duhu bayan azahar, aikin wannan farin gefen yake gani.

Ƙanwata ta tambaye ni, "Yaya, wai duk wannan ina zai yi mini amfani a asibiti?" Na ba ta misali ɗaya. Lokacin goyon ciki ƙwayoyin furolaktin suna ƙaruwa, sashen gaba ya kumbura, alhali yawancin jinin da yake samu ta wasu siraran hanyoyin jini marasa ƙarfin bugu yake zuwa daga haifotalamus. In mace ta zubar da jini da yawa wurin haihuwa, jininta ya faɗi ƙasa, wannan sashen na iya mutuwa. Harold Sheehan ya bayyana haka a 1937. Matar za ta tashi, a yi barka, amma nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ƙi dawowa, gashin hammata ya zube, kasala ta zauna mata shekara da shekaru. A inda mata da yawa ke haihuwa a gida, a iso asibiti a makare, irin wannan mara lafiya za ta zauna gabanki wata rana, ta riga ta zagaya wurin masu magani an ce mata iska ce.

Ta yi shiru, ta jawo littafin, ta sa yatsa a kan jajayen ƙwayoyin. Daga can Hajiya ta ɗago kai daga faifanta ta ce, "Wannan da kuke faɗi, kamar matar da ta yi mana aikatau shekarun baya. A tambayo mini inda take yanzu."