Rahoton Haɗari a Wurin Aiki

Rahoton haɗari a wurin aiki shi ne rubutaccen bayanin da ake kai wa hukuma idan ma'aikaci ya ji rauni, ko ya kamu da cuta, ko ya rasa ransa ta dalilin aikinsa. Amfaninsa biyu ne: samar wa wanda abin ya shafa ko magadansa diyya, da gano musabbabin haɗarin domin kada ya sake aukuwa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara ta sanadin aiki, kuma mafi yawansu cuta ce ke kashe su sannu a hankali.

A Nijeriya dokoki biyu ne ginshiƙin lamarin. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta sanar da sufeton masana'antu duk haɗarin da ya jawo mutuwa ko ya hana ma'aikaci aiki fiye da kwana 3. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar asusun inshorar ma'aikata ta ƙasa (NSITF) ke aiwatarwa, ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da mai aikin, ta ba mai aikin kwana 7 ya kai wa hukumar rahoto, in kuwa rai aka rasa to nan take. Masu ɗaukar ma'aikata na zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a asusun diyyar. Nijeriya ta kuma amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 155 kan lafiyar ma'aikata a 1994.

Sai dai waɗannan dokoki sun fi dacewa da manyan wurare masu rajista da jerin sunayen ma'aikata, irin masana'antar siminti ta Kalambaina da ke Sakkwato. Akasarin masu neman abinci a Sakkwato ba a irin wannan tsari suke ba. Akwai majema da ke wuni hannu cikin ruwan jima, da maƙera, da masu walda, da kanikawa, da leburorin gini, da 'yan dako a kasuwar Kara, da manoman rani na Goronyo da Wurno masu feshin maganin ƙwari. Idan yaron shago ya ƙone ko lebura ya faɗo daga bene, yawanci maigida ne zai biya kuɗin magani ko a kai shi wurin mai ɗori, a yi jaje, a ce tsautsayi ne, maganar ta tsaya nan. Ba a rubuta komai, don haka tsanin da ya karye ko wayar lantarkin da ta zare tana nan tana jiran wani. Imani da ƙaddara bai hana bincike ba, domin hadisi ya yi umarni a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Babban abin da ke hana ma'aikaci magana shi ne tsoron kora ko zargi, shi ya sa gyaran farko shi ne rahoton ya nemi sanin abin da ya jawo haɗarin maimakon neman wanda za a hukunta. Ya kamata takardar ta zama gajeriya, da Hausa, da boko ko ajami, ta faɗi rana da wuri da aikin da ake yi da kayan da aka riƙe da irin raunin. Wanda bai iya rubutu ba sai a karɓi bayaninsa da baki ko ta saƙon murya a waya. Haɗarin da aka tsallake rijiya da baya ma ya cancanci a rubuta shi, kuma a gaskiya ya fi sauƙin faɗa, tun da ba wanda ya ji ciwo.

Sarakunan sana'a da shugabannin ƙungiyoyi, waɗanda labarin kowane rauni ke isa kunnensu, su ne suka fi dacewa da riƙe littafin rubuta haɗura a unguwanni da kasuwanni. Asibitoci kuma za su taimaka matuƙa idan suka riƙa rubuta sana'ar majinyaci da inda ya samu raunin tun a katinsa na farko.