Ramin fakewa daidai ƙarfin aljihu

'Yan uwana na Gadarif, Maiwurno da Kasala, tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan a Afrilun 2023 maganar ramin fakewa ta shigo gidajenmu. Yanzu kuma da an ji manyan ƙasashe na barazana da makamin ƙare-dangi, sai a tare mu a asibiti da tambaya: wace maɓoya ce ke tsare mutum, kuma nawa za ta ci?

Bam ɗin nukiliya na kisa ta hanya biyu. Akwai fashewar da wutarta. Ginin da zai jure wannan sai gwamnati mai hali, irin Suwizalan da tun 1963 dokarta ta tanadar wa jama'a gurbi a maɓoyar kankare. Kada magidanci ya sayar da gona ko dabba don wannan, alhali harsashin igwa da kwalara ne ke kashe mu yau.

Ta biyun ita ce ƙurar gubar da iska ke kaiwa nesa, kuma a nan talaka ke da abin yi. Ƙasa dandaɓaɓɓiya mai kaurin kusan santimita 9 tana rage tururin gubar da ƙurar ke fitarwa, wanda ido ba ya gani, da rabi. In kaurin ya kai santimita 90, kusan kashi ɗaya cikin dubu ke ratsawa. Gubar kuma da sauri take sanyi: bayan kwana biyu saura kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinta na awar farko. Don haka a shige ciki, a zauna aƙalla awa 24. Wanda ƙurar ta taɓa ya tuɓe kayan sama, ya wanke jiki da sabulu. Ramin da aka rufe da katako mai ƙarfi da buhunan ƙasa yana tare ɓaraguzan bam na yau da kullum, yana rage waccan gubar. Aiki ɗaya, amfani biyu.

Amma don Allah a kula, ramin kansa na iya kisa. Baƙar ƙasar Gadarif tana tsagewa da rani, ta kumbura da damina ta rufta, don haka a tokare bangon. A bar ƙofa biyu da hanyar iska. Kada a shiga da gawayi mai wuta, hayaƙinsa ba wari, cikin barci yake ɗauke rai. A duba kunama da maciji kafin yara su sauka, a rataya gidan sauro.

Ɗan kuɗin da ya rage a sayi jarkokin ruwa masu murfi, rediyo mai batir, da maganin masu ciwon suga da hawan jini.