Ƙaramar majami'ar Katolika a unguwa: asalinta da sake gininta a Maraɗi

Me ya bambanta ta da babbar majami'a?

Ba ta da fada, wato limamin Katolika, na zaune. Katekis, wato mai koyar da addini, ne ke jagorantar addu'a, fada yakan zo ya yi Mas, babbar ibadar Katolika, daga lokaci zuwa lokaci. Littafin baftisma da na aure ma a babbar majami'a ake ajiye su, can za ka nemi tarihinta, sai kuma bakin dattawan unguwa.

A ƙarƙashin wa take?

Diyosis ɗin Maraɗi, wato yankin da bishop ke shugabanta, wanda aka cire daga na Yamai a 2001, Ambroise Ouédraogo ya zama bishop na farko. Cibiyar diyosis ɗin majami'ar Notre-Dame de Lourdes ce, ikonsa ya kai har Zinder, Tahoua, Agadez da Diffa. Galibin irin waɗannan ɗakunan ibada da rumfar zana suke farawa, sannan tubalin laka da rufin kwano.

Me ke kayar da su?

Ruwa ne, kuma daga ƙasa yake ci. Mutanen Maraɗi sun san wannan tun ambaliyar Gulbi ta 1945, wadda ta sa gari ya koma kan tudu. Kwanon rufin da bakinsa bai yi tsawo ba yana zubar da ruwa a gindin bango, laka ta jiƙe, ka ga ta fara ɓarewa daidai tsayin gwiwa. A sama kuma gara na cin katako a ɓoye, har iskar farkon damina ta yaye rufin.

Yaya ake sake ginin?

A fara samun yardar bishop da takardar izini daga magajin gari. Kafin a sa diga, fada zai kwashe Jikin Kristi, wato gurasar da aka tsarkake, zuwa babbar majami'a.

Ƙasar tudu yashi ce, don haka a haƙa harsashi sai an taka ƙasa mai tauri, a ɗaga daɓe sama da titi. Kankaren ginshiƙai yana cin buhu 7 na siminti, mai kilo 50, a kowace mita kubik. Wajen bulo ake yawan yin ha'inci: buhu ɗaya kada ya wuce bulo 35 masu faɗin santimita 15, a riƙa ba su ruwa safe da yamma kwana 7. Wanda ya bushe da wuri, da yatsa kake murtsuke shi. A zagaye saman bango da ɗamarar kankare, a ɗaure ƙarafan rufi a jikin rodinta.

Yaushe ya fi dacewa a fara?

Bayan girbi, wajen Nuwamba, don a rufe kafin Yuni. In an gama sai a sa ranar da bishop ko wakilinsa zai zo ya sa wa ginin albarka.