Dishi-dishin hoto saboda rawar hannu

Dishi-dishin rawar hannu shi ne gogewar da hoto ke yi idan kyamara ta motsa a daidai lokacin da labulenta yake buɗe yana shigar da haske. Duk natsuwar mutum, hannunsa ba ya rasa ɗan motsi, ko don numfashi da bugun zuciya kaɗai. Matsalar ta fi addabar masu aiki da gilashin kyamara (lens) da ba shi da na'urar hana girgiza, irin Canon EF 50mm f/1.8, wanda arha da kaifinsa suka sa ya yaɗu a hannun masu ɗaukar hoto. Ita kanta na'urar ba tsohuwa ba ce. A 1995 ne kamfanin Canon ya saka ta a gilashinsa na 75-300mm, sannan a 2003 kamfanin Minolta ya fito da kyamarar DiMAGE A1, wadda farantin ɗaukar haskenta ne ke motsawa don ya rama girgizar. Kafin nan da hannu da dabara aka yi ta aiki.

Gane musabbabi

Ba kowane dishi-dishi ba ne laifin hannu, kuma a nan ne da yawa ke ɓata kuɗi wajen sauya gilashi mai lafiya. A faɗaɗa hoton a kwamfuta a duba. Idan komai ya goge gaba ɗaya, ƙwan fitila ya zama ɗan layi, bakin hula ya fito biyu, to kyamara ce ta motsa. Idan bango ya fito tas amma hannun mai kiɗa ya goge, shi ne ya motsa. Idan kuwa kunne ya fito da kaifi ido bai fito ba, saitin kaifi (focus) ne ya kuskure. Gwaji mafi sauƙi shi ne a ɗora kyamarar a kan tebur, a sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa 2. In hoton ya fito fes, gilashin ba shi da laifi.

Ƙa'idar tsawon gilashi

Tun zamanin fim mai milimita 35 ake bin wata ƙa'ida: kada labule ya daɗe a buɗe fiye da ɗaya bisa tsawon gilashin, wato adadin milimitar da ke rubuce a jikinsa. Mai milimita 50 yana son 1/50 na daƙiƙa, mai 200 yana son 1/200, domin dogon gilashi yana ƙara girman girgiza kamar yadda yake ƙara girman abin da ake ɗauka. A kyamara mai ƙaramin faranti, wato APS-C, sai an ninka tsawon da 1.5, ko 1.6 a ta Canon, don haka mai 50 ɗin nan 1/80 yake buƙata. Ƙa'idar ma ta yi wa kyamarorin yau sassauci. Mai megafiksel 24 tana tona motsin da ƙaramin hoton takarda ke ɓoyewa, shi ya sa ya fi kyau a ninka saurin sau biyu.

Sauri kuwa da haske ake sayensa. A zauren biki bayan magariba, kyamarar da aka bar wa zaɓi takan sauka zuwa 1/15. Mafita ita ce a buɗe ƙofar haske, domin faffaɗar ƙofa ta f/1.8 tana shigar da kusan ninki goma na abin da matsattsiya ta f/5.6 ke shigarwa, ko a ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na farantin: daga 400 zuwa 1600 yana mai da 1/15 ya koma 1/60. Hoton zai ɗan yi tsaki-tsaki, amma wannan yana gyaruwa a kwamfuta, fuskar amarya da ta goge kuwa da wuya ta dawo.

Riƙo

Tafin hagu a ƙarƙashin gilashi, gwiwoyin hannu manne da haƙarƙari, kyamara jingine da goshi. A sauke numfashi, a danna maɓalli a hankali ba da cakawa ba, a ɗauki uku a jere, domin na tsakiya yakan fi kaifi. Bango ko ginshiƙi yana taimakawa in babu sanda mai ƙafa uku. Ɗaukar mai rawa a biki dai sai 1/250 ko sama da haka, ko da gilashin yana da na'urar hana girgiza, domin motsin kyamara kaɗai take ramawa.