Fina-finan barkwancin batsa na 'yan jami'a a Amurka

Wannan wani nau'in fim ne na Amurka da ake gina labarinsa a kan ɗaliban jami'a, yawanci samari masu zama a gidajen ƙungiyoyin ɗalibai maza da ake ce wa firataniti, abin da ke ciki kuwa shan giya ne da fati da bin 'yan mata da tsokanar hukumar makaranta, karatu kam sai dai a ambace shi. Kafin 1968 ba a isa a yi irinsu ba saboda dokar tace fina-finai ta Hays, da aka kawo tsarin raba fim bisa shekarun mai kallo sai ƙofa ta buɗe, aka samu rukunin R wanda ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sai da babba.

Wanda ya kafa harsashin shi ne Animal House na 1978, John Landis ya ba da umarni, John Belushi ya fito a ciki, an ɗauke shi a Jami'ar Oregon da kuɗi kusan dala miliyan 3 amma ya kawo sama da miliyan 140. Shi masu sharhi ma sun yaba, Roger Ebert ya ba shi tauraro huɗu cif, kuma a 2001 ɗakin karatun majalisar Amurka ya sa shi cikin fina-finan da ake adanawa don tarihi. Kamfanoni suka ga riba sai kowa ya zubo nasa, Revenge of the Nerds a 1984, daga baya Road Trip a 2000, Van Wilder a 2002, Old School a 2003, har Neighbors a 2014.

To a nan ne fa aka raba gari. Masu sharhi a jaridu sukan ce labarin ɗaya ne ake ta juyawa, babu fasaha sai tsiraici da ƙazanta, su kuma matasa ko a jikinsu, su cika silima su kuma sayi faifan DVD musamman wanda ba a tace ba. Van Wilder misali ne, an caccake shi sosai amma ya samu masoya a faifai, ya kuma taimaka wa jarumin fim ɗin, Ryan Reynolds, ya yi suna. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, mai sharhi yana zaune yana auna labari da tsari, shi kuwa ɗan shekara 19 ya je ne da abokai ya ga an kunyata shugaban makaranta.

Amma akwai inda masu sukar suke da gaskiya, kuma abin na da ciwo. A Revenge of the Nerds jarumin ya rufe fuska ya kwana da yarinya tana zaton saurayinta ne, an kuma dasa kyamara a ɗakin kwanan 'yan mata, duk aka nuna kamar abin dariya da cin nasara. Yau, balle bayan yunƙurin MeToo na 2017, inda mata suka riƙa fallasa masu cin zarafinsu ta hanyar lalata, fyaɗe ake kiran wannan kwanciya kai tsaye, hatta leƙen 'yan mata ta taga da Belushi ya yi a Animal House an daina ganinsa wasa. Yanzu manyan kamfanoni sun rage kai irinsu silima, 'yan waɗanda ake yi galibi a manhajojin kallo ta intanet suke fitowa.