Hutu da hidima a Dokar Benedict

Dokar Benedict wani ɗan littafi ne mai babi 73 da Benedict na Nursiya ya rubuta a ƙarni na 6 saboda 'yan zuhudun Kirista, wato mazan da suka bar aure da dukiya suka tare wuri guda don ibada. An haife shi a Italiya wajen shekara ta 480, ya kafa gidan zuhudu na Monte Cassino wajen 529, ya rasu wajen 547. Har yau gidajen zuhudu da yawa, musamman na Katolika, da ita suke tafiya, kuma in ana zancen yadda Kirista zai yi wa jama'a hidima ba tare da ya ƙarar da kansa ba, da wuya a tashi ba a ambato ta ba.

Wannan matsalar ta girmi Benedict. A Linjilar Markus sura 6 almajiran Yesu sun dawo daga wa'azi, mutane na ta kai da kawowa har ko abinci ba su samu sun ci ba, Yesu ya ce su zo su keɓe su ɗan huta, suka shiga jirgi, sai ga jama'a sun riga su isa can da ƙafa, shi kuma tausayi ya kama shi ya hau koya musu. Hutun da bai yiwu ba ke nan. Benedict bai bar abin a hannun mai hidima ba, don ya san mai kunya ba zai ce ya gaji ba, sai ya sa hutun cikin doka.

Babi na 48 ne ya raba yini. Ya fara da cewa zaman banza abokin gaban rai ne, to amma a nan ɗin dai ya ce daga Ista, wato bikin tashin Yesu daga matattu, zuwa farkon Oktoba, bayan aikin safe da karatu da abincin rana, kowa ya je gadonsa ya yi ƙailula, shiru kake ji. Wanda bacci bai zo masa ba yana iya karatu, amma kar ya dami na kusa da shi, don a lokacin yawanci da murya ake karatu.

Inda abin ya fi burgewa shi ne kicin. Girki da rabon abinci mako-mako ake yi, kowa sai layi ya zo kansa, sai mara lafiya ko wanda aka ɗora wa wani babban aiki. Ranar Asabar mai sauka zai wanke tawul ɗin da ake goge hannu da ƙafa, shi da mai karɓa su wanke wa kowa ƙafa, ya miƙa kwanuka a tsabtace. Babi na 35 ya ce saura awa ɗaya a ci abinci a ba masu aikin makon abin sha da ɗan burodi ƙari a kan rabonsu, saboda su raba wa 'yan'uwa ba guna-guni ba wahala. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan tukunyar biki da yunwa yana zuba wa wasu ya san me ake nufi.

Baƙi ma haka. Babi na 53 ya ce a karɓi kowane baƙo kamar Almasihu ne ya zo, har shugaban gidan ya zuba masa ruwan wanke hannu, sai dai tunda baƙi ba su da lokaci kuma ba sa yankewa, aka ware musu kicin daban, mutum biyu suna riƙe shi shekara guda, aiki ya yi yawa a ƙara musu hannu. Marasa lafiya kuwa kula da su na gaba da komai, amma su ma an ja musu kunne kar su gallabi masu jinyarsu da buƙatu marasa kan gado.

Taken nan na Latin da ake jingina wa Benedict, ora et labora, ma'ana yi addu'a ka yi aiki, ba ya cikin dokar, a ƙarni na 19 ya bazu. Taken ya kuma bar karatu da bacci a waje, alhali dokar har yadda za a kwanta ta faɗa: kowa da gadonsa, fitila na ci har safe, a kwanta da riga da ɗamara amma a cire wuƙa daga ƙugu kar mutum ya yanke kansa cikin bacci.