Me ya sa masu gudun motsa jiki ke dainawa?

Mutane da yawa kan fara gudu da zafinsu, su sayi takalmi, su ƙudura niyya, amma kafin wata biyu an ajiye takalmin. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan haka, tare da amsoshinsu.

Ba lalaci ne kawai ke sa su daina ba?

A ganina a'a. Malalaci ai ba ya ma farawa. Wanda ya bar shimfiɗarsa ya fita gudu ya riga ya nuna yana da himma, kuma sau da yawa himmar ce ke yi masa yawa. Yakan fita kullum, da iyakar ƙarfinsa, ya dawo a galabaice. Daga nan sai ɗayan biyu: ko gudun ya zame masa azaba ya tsane shi, ko ya ji ciwo ya huta, hutun mako guda ya zama na shekara.

Wane irin ciwo ne, kuma me ke jawo shi?

Gwiwa ce ta fi yawan kawo ƙara. Sai ciwon ƙwauri, ciwon agara, da zafin da ke kama dunduniya da tafin ƙafa, wanda ya fi tsanani a takun farko bayan an tashi daga barci. Yawancinsu ba faɗuwa ko targaɗe ke kawo su ba. Taruwa suke yi a hankali saboda an ɗora wa jiki aikin da bai shirya masa ba.

Dalilin kuwa shi ne sassan jiki ba sa ƙarfafa lokaci guda. Zuciya da huhu suna sabawa da wuri: cikin 'yan makonni mutum zai ji haki ya ragu, ya ji kamar zai iya ninka tafiyarsa. Ƙashi da jijiyoyin da ke haɗa tsoka da ƙashi kuwa suna buƙatar watanni. A kowane taku na gudu, ƙafa tana ɗaukar nauyin da ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki, kuma a kilomita ɗaya takun yana da ɗaruruwa. To numfashi ya ce a ƙara, ƙafa ba ta kai nan ba, mai gudu kuma numfashin yake saurara. Nan ne sauri ke haifar nawa. Abin da ke ba ni takaici shi ne ciwon yakan zo daidai lokacin da mutum ya fara jin daɗin abin.

Ya kamata a bambanta shi da tsamin jiki, wanda ke zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan aiki ya wuce da kansa. Ciwon da ke wuri ɗaya, yake ƙaruwa ana cikin gudu, ko yake sa ɗingishi, na zuwa wurin likita ne.

Ta yaya zan gane ina wuce gona da iri?

Gwada magana kana gudu. Idan za ka iya faɗin cikakkiyar jimla ba tare da numfashi ya sarƙe ba, saurin ya yi daidai. Idan kalma ɗaya-ɗaya kake iya fitarwa, sassauta. Haɗa gudu da tafiya ma ba abin kunya ba ne. Jeff Galloway, wanda ya wakilci Amurka a tseren mita 10,000 a gasar Olamfik ta 1972, shi ya yaɗa wannan salon. Tsarin Couch to 5K da Josh Clark ya fito da shi a 1996 ma haka yake: fita sau uku a mako na makonni 9, ana farawa da gudun minti guda ana tafiya a tsakani, har a kai minti 30 ba tsayawa.

Don rage ƙiba na fara, amma sikeli bai motsa ba. Ba ɓata lokaci nake yi ba?

Wannan ya kori mutane masu yawa. Mai nauyin kilo 70 da ya yi kilomita 5 kimanin kalori 350 (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) ya ƙona, kuma gudu na buɗe ciki, don haka mayar da su ba wuya. Amma sikeli ba ya nuna saukar hawan jini, ko daidaituwar sukari, ko barci mai daɗi, ko natsuwar da ake samu bayan an dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar minti 75 zuwa 150 na motsa jiki mai ƙarfi a mako, ko 150 zuwa 300 na matsakaici. Wanda ke cika wannan yana cin riba ko da nauyinsa bai sauya ba.

Gaskiya ne gudu na cinye gwiwa?

Binciken da aka tattara bai nuna masu gudun nishaɗi sun fi masu zama kamuwa da amosanin gwiwa ba. Wanda ke da tsohon ciwo dai ya nemi shawarar likita kafin ya fara.

Sai yaushe zai zame min jiki?

Ya fi yadda ake zato daɗewa. A wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a University College London, wanda ya fito a 2009, tsaka-tsakin lokacin da sabuwar ɗabi'a ta ɗauka kafin ta zauna kwana 66 ne, wasu 18, wasu har 254. Sun kuma ga cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe abin. Wannan na da muhimmanci, domin da yawa suna ɗaukar fashin kwana uku a matsayin faɗuwa, su ce ai shi ke nan.

Me ya sa waɗanda suka daɗe suna yi ma ke bari?

Wasu tsere guda suka sa a gaba, misali gudun fanfalaki mai kilomita 42.195. Da sun karɓi lambar yabo, babu sauran abin da zai fitar da su. Wasu kuma gwada kai da wasu a manhajoji irin su Strava ke kashe musu gwiwa, ko ganin saurinsu ya daina ƙaruwa. Sai sauyin rayuwa: haihuwa, sabon aiki, ƙaura. Ga mata da yawa akwai ƙarin matsalar tsaro da tsangwama a hanya, wadda ba ƙaramar abu ba ce. Kaɗaici ma na ciki, shi ya sa taron gudu na parkrun, da Paul Sinton-Hewitt ya fara a Bushy Park da ke Landan a 2004, ya bazu ƙasashe da dama: kilomita 5 kowace Asabar, kyauta, mai gudu da mai tafiya duk tare.

Na daina wata da watanni. Ta ina zan koma?

Kada ka ɗora daga inda ka tsaya, domin kanka yana tuna tsohon saurinka amma ƙafarka ta manta. Fara da minti 20, gudu da tafiya a haɗe, sau uku a mako, da ranar hutu a tsakani. Tsaya tun kana da sauran ƙarfi. Idan za ka ƙara, ƙara abu ɗaya: nisa ko sauri, kada ka haɗa su a mako guda. In da hali, nemi wanda zai riƙa jiranka a lokacin da kuka tsayar.